Amsar da Yayanki Bai Iya Ƙarasawa Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya ƙalau, ke da maigidanki da yaran duka. Yaya ciwon gwiwar nan da kika ce yana hana ki hawa bene? Allah Ya yaye miki shi, Ya ƙara wa maigidan naki buɗi, Ya shirya mana yaran. Mu nan alhamdulillahi. Babban ɗanmu an mai da shi aiki wani gari mai nisa, sai dai mu ji muryarsa a waya ranar Juma'a. Ƙanwarsa ta sauka lafiya watan jiya, an sami mace, ta kwaso kunnuwan gidanku tsaf, duk wanda ya gan ta ba sai an gaya masa jikar wane ne ba. Ni kuma ina nan ina fama da shagona a kasuwar cikin jami'a. 'Yan shekarar ƙarshe sun fara kawo kundayensu a buga musu a ɗinke, idona ne dai ya fara gajiya da ƙananan haruffa.

Na san tun daga bayan ambulan kin gane ba hannun yayanki ba ne. Wata uku ke nan da zuwan wasiƙarki, wadda kika roƙe shi ya rubuto wa 'yarki, takwarata, bayanin jami'ar nan dalla-dalla, tun da ta gama sakandare kuma ta kafe sai nan za ta karanta harhaɗa magunguna. Sau huɗu kina kira a waya kina tambaya, ni kuma ina ce miki ya fita, ko yana barci, ko aiki ya yi masa yawa. Auta, ki yafe mini, ba gaskiya na gaya miki ba. Yayanki ya bar aiki wata biyar da suka wuce, kuma ba don shekarunsa sun cika ba. Ciwon mantuwa ne ya kama shi. Shi da kansa ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya miki ba, ya ce ya san halinki, za ki watsar da gidanki ki taho. Na riƙe alkawarin iyakar ƙarfina, yau na sauke shi, Allah Ya gani ba don raini ba ne.

Abin ya faro kusan shekara biyu, a hankali, har muna yi masa dariya. Ya ajiye tabarau a cikin firji, ya kira ni da sunan 'yarsa, mu ce tsufa ya zo da wuri. Kin san shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin ɗaukar ɗalibai, har yaran suka sa masa Baba Taswira, don babu lungun da za ka tambaye shi bai kwatanta maka ba, har da bishiyar da za ka gani a hannun dama. To wata ranar Litinin da azahar sai ga mai gadin ƙaramar ƙofa ya rako shi gida, riƙe da jakarsa. Ya ja ni gefe ya ce ya same shi tsaye a mararrabar da ke bayan tsangayar shari'a fiye da rabin awa, da ya gaishe shi sai yayanki ya tambaye shi, cikin ladabi, ko ya san hanyar gidajen ma'aikata. Washegari na kai shi asibitin koyarwa. Bayan gwaje-gwaje da hoton kai, likita ya zaunar da ni ni kaɗai, ya ce ciwon ba ya warkewa, magani sai dai ya rage masa gudu. Abokan aikinsa sun rufa masa asiri fiye da shekara, suna bin bayan aikinsa suna gyarawa, har abin ya fi ƙarfinsu.

Ranar da wasiƙarki ta iso yana cikin hayyacinsa sosai, don akwai ranakun da za ki rantse lafiyarsa lau. Ya karanta ta sau biyu, ya yi ta murna, ya ce ashe 'yar ficiciyar nan da ta taɓa tsinka masa carbi ta isa shiga jami'a. Ya sa na kawo masa takarda da alƙalami, ya zauna a teburin falo. Ya rubuta gaisuwa mai kyau, ya rubuta cewa jami'ar nan tana da ƙofa uku, daga nan alƙalamin ya tsaya. Kashegari ya ɗauki sabuwar takarda, ya sake gaisuwar, ya sake ƙofa ukun. Satin da ya wuce ina kakkaɓe teburin na sami takardu goma sha ɗaya a ƙarƙashin ledar da ke shimfiɗe a kansa, kowacce a wuri ɗaya ta tsaya. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko a ofishin likita. Da na share hawayena sai na yi tunanin, tun da takarda ta gagare shi, wataƙila ƙafarsa ba ta manta ba. Ranar Laraba na rufe shago, na ce masa ya zo ya zagaya da ni kamar ni ce sabuwar ɗaliba, zan riƙa rubuta abin da ya faɗa. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa ofis, ya ce in yi sauri kada in makara tun ranar farko. Abin da zan gaya miki yanzu ki karanta wa takwarata, yawancinsa daga bakin kawunta ne.

Mun fara daga babbar ƙofa, inda motocin bas na jami'a suke layi. Daga nan zuwa tsakiyar makaranta tafiyar minti ashirin ce a ƙasa, titi ɗaya miƙaƙƙe da itatuwa hagu da dama. Ya ce a gaya mata satin farko kada ta hau bas sai in tana da kaya, ta taka da ƙafarta, don wanda aka ɗauka a mota ba ya sanin hanya. Ya ce wurin nan gari ne sukutum, ɗalibai sun haura dubu arba'in, da kasuwarsa da asibitinsa da gonarsa da gidan wayarsa, kuma babu mai riƙe hannun wani. Yaron da ya saba malami ya san sunansa, nan sai ya shekara ba a san da shi ba in bai buɗe baki ya yi tambaya ba. Ya fara lissafa mini tsangayoyin da yatsunsa, kimiyya, aikin likita, harhaɗa magunguna, injiniyanci, noma, shari'a, ilimi, harsuna, kasuwanci. Da ya kai tara sai ya tsaya yana kallon yatsan, ya koma farko. Sha biyu ne. Sauran ukun, wato likitan dabbobi da zanen gine-gine da nazarin zamantakewa, ni na cike su a littafina ban ce masa komai ba.

Daga nan muka shiga babban ɗakin lacca, mai kujera dubu, wanda aka gina shi hawa-hawa. A nan za ta yi yawancin shekararta ta farko, don duk 'yan fannin kimiyya tare ake haɗa su kafin kowa ya wuce tsangayarsa. Yayanki ya nuna mini layi na biyar, ya ce daga nan zuwa gaba ne ake karatu, daga nan zuwa baya kuwa hira ake yi, kuma ranar da lasifika ta lalace na baya sai dai su kalli bakin malami yana motsi. In laccar ƙarfe takwas ce, bakwai ta yi mata a ciki. Tsangayar da take so tana bayan wannan ɗakin, farin gini mai hawa uku, da ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasa da wani lambu da suke shuka itatuwan magani, kowanne da allon sunansa. Karatun shekara biyar ne, kuma shekarun ƙarshe rabinsu a asibitin koyarwa ake yi, can ɗaya gefen gari, akwai bas mai kai su da safe. Ya ce masu nema suna da yawa, gurbin kaɗan ne, saboda haka ta cike zaɓi na biyu da abin da za ta iya zama da shi, kada ta rubuta shi don cika takarda kawai.

A kan maganar takardu kuwa, Auta, da kin ji shi da kin ce ƙarya nake yi miki game da ciwon. Muna zaune a kan benci ya yi ta zuba kamar yana bayan teburinsa. Ya ce sunanta ya zama iri ɗaya a kowace takarda, daga ta haihuwa har sakamakon jarrabawa, ko harafi ɗaya kada ya bambanta, don ya ga yara da yawa sun koma gida suna kuka saboda harafi ɗaya. Kowace takarda ta yi mata kwafi uku, na asalin kuma kada ya bar hannunta ko wa ya nema, a duba a ba ta abinta. Hotunan fasfo ta taho da su da yawa. Ya ce lokacin rajista akwai mutanen da ke zama a gindin bishiyar da ke gaban ginin mulki, masu cewa sun san wani a ciki, ta gaishe su ta wuce. Gurbi ba ya hannun kowa a gindin bishiya. Duk abin da ya shige mata duhu ta hau bene ta tambayi mai teburin, ko zai ɗaure mata fuska, amsarsa ita ce amsa.

Laburare hawa huɗu ne, kuma nan ne wurin da ya fi so a duk makarantar. Ya ja ni har hawa na uku, yana haki, ya nuna mini teburin da ke jikin tagar gabas, ya ce nan babu hayaniya kuma fankar wurin ba ta taɓa mutuwa ba. Ta yi katin laburare a satin farko, kafin layi ya yi tsawo. Ɗakunan kwanan mata kuma wannan ni zan ba da bayaninsu, don shi iyakarsa bakin ƙofa. Gine-gine shida ne a cikin katanga ɗaya. A rubuce mutum huɗu ne a ɗaki, amma kada ta yi mamaki in ta tarar da shida. Ruwa da sassafe yake zuwa, don haka bokiti biyu, da kwaɗo mai kyau na akwati, da gidan sauro. Matar da ke kula da gini na biyu ƙawata ce, shekara ashirin muna tare, na riga na yi mata maganar takwarata. Ƙaramin asibitin ɗalibai yana kallon ƙofarsu. Ba zan ce miki wurin babu wahala ba, akwai cunkoso, akwai ɗauke wuta, wani lokaci a rufe makaranta ba shiri. Amma na ga 'yan mata sun shigo shagona a shekarar farko ko ido ba sa iya haɗawa da mutum, bayan shekara biyar su dawo da kundinsu suna gyara mini kuskuren bugu.

Da na tsaya a nan da na ce ranar ta yi kyau. Amma da muka fito sai ya nufi ginin mulki da kansa, ni kuma na bi shi, a zatona yana so ya gaisa da mutanensa. Muka hau zuwa ofishinsa. Wanda ya gaje shi, mutumin da shi ya koya masa aikin tun yana sabon ɗauka, yana ganinsa ya miƙe tsaye, ya jawo masa kujerar da ya zauna a kai shekara talatin. Yayanki bai zauna ba. Ya tsaya a gaban teburin, inda ɗalibai ke tsayawa, ya haɗa hannuwansa, ya gaishe shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Sannan ya ce ya zo ne a kan maganar ƙanwarsa, autarsu. Ya ce an ba ta gurbi a tsangayar ilimi, amma ba za ta samu zuwa rajista a kan lokaci ba saboda tana jinyar mahaifiyarsu, yana roƙon arziki a ɗaga mata ƙafa ko na sati biyu ne, yarinya ce mai ƙoƙari, ita ta zo ta ɗaya a makarantarsu. Masu buga takardu suka sunkuyar da kai. Mutumin nan, Allah Ya saka masa da alheri, ya ɗauki alƙalami ya tambayi sunanki ya rubuta, ya ce an ɗaga mata, duk ranar da ta zo gurbinta yana nan. Yayanki ya yi ta godiya har muka sauka daga bene.

Auta, ni na zo gidanku kina shekara ta biyu a jinyar Inna, na san kin taɓa samun gurbi ba ki zo ba, amma ban taɓa jin ɗayanku ya ɗaga maganar ba, na ɗauka ta wuce. Da muka dawo gida ranar, ya shiga ɗaki ya buɗe tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe, ya ɗauko wata ambulan daga ƙarƙashin takardun aikinsa. Takardar gurbinki ce, ta yi ja don tsufa, da hotonki kina 'yar shekara goma sha takwas. Ya ce mini a lokacin shi ne ya kamata ya ɗauki hutu ya je ya zauna da Inna, ko ya nemo mai zama da ita, amma yana sabon ma'aikaci yana tsoron a kore shi, sai ya ce miki ki bari sai baɗi. Baɗi ta zo Inna ba ta tashi ba, wata baɗin ma haka, har gurbin ya mutu. Ya ce ya sa hannu a takardun yaran mutane dubbai, tasa ƙanwar ce kaɗai bai shigar ba. Wannan maganar a cikin hankalinsa ya yi ta, yana kallon idona. Bayan la'asar kuma ya sake rikicewa, ya tambaye ni ko an share miki ɗaki. Tun ranar kullum da safe sai ya tambaya ko motarki ta iso.

Yanzu ga abin da nake so ki sani kafin ki yanke shawara. Gidan nan na ma'aikata za mu bar shi ƙarshen wata mai zuwa, haka dokar take ga wanda ya bar aiki, kuma sun ma yi mana haƙuri. Na sami wani ƙaramin gida a bayan ƙaramar ƙofa, ɗaki biyu da falo, kusa da shagona yadda zan riƙa leƙa shi. A wasiƙarki kin ce takwarata ta zauna a wurinmu ta riƙa taimaka mini. Na gode, amma ban yarda ba. Gidanmu yanzu gidan jinya ne, kuma likita ya ce gaba sai ta fi yanzu nauyi. Yarinyar nan na san ta, tana da tausayi irin naki. Yau za ta fasa lacca ɗaya don ta kai shi asibiti, gobe ta fasa biyu don na gaji, kafin mu farga shekara ta tafi. An yi wa gidanku haka sau ɗaya, ba za a sake ba ina raye. Ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai tare da sa'o'inta. Ranar Asabar ta zo ta ci abinci, ta kawo wankinta in tana so, ta yi hira da kawunta, kafin magariba ta koma. Jinyarsa tawa ce, ni da 'ya'yansa, kuma maƙwabta ba su yar da mu ba.

Roƙona ɗaya ne. In Allah Ya sa ta samu, kada ki sako ta a mota ita kaɗai, kada kuma ki haɗa ta da wani. Ki kawo ta da kanki. In ma ba ta samu bana ba, ke ki zo, kada ki jira wani dalili. Har yanzu yana gane hotonki, yana kiran sunanki daidai, amma makon jiya ya dubi 'yarsa ta cikinsa ya tambaye ta 'yar gidan wane ce, sai da ta yi magana ya gane muryar. Ban san tsawon lokacin da ya rage mana ba, likitan ma bai sani ba. Ki shirya wa takwarata zuciyarta tun daga gida. Tana kama da ke lokacin da kike shekarunta, kuma ina kyautata zaton in ya gan ta da jaka a bakin ƙofa, sunanki zai kira. In ya kira ta da shi, ta amsa. In ya ce zai raka ta rajista, mu bar shi ya raka ta, mu bi su a baya ni da ke. In kuma ya juyo ya dube ki ya tambaye ki ke wace ce, kada ki yi kuka a gabansa, yana tsorata in ya ga ana kuka bai san dalili ba. Ki fito baranda ki same ni, na san inda ake tsayawa ba ya hangowa.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ba shi wannan takarda ya karanta, kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai. Ki gaida takwarata, ki ce mata ta dage da karatun jarrabawar shiga, kawunta ya ce ba ya son ya ji an ce ta zo ta biyu. Ina gaida sauran yaranki, Dogo da 'yan biyu, da surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Gwaggo kuma kada ki gaya mata a waya, ki je har gida ki zauna kusa da ita tukuna, kin san ita ta goye shi. 'Yarmu da jaririyarta suna gaishe ku. Ki sa yayanki a addu'a, ni ma ki sa ni, Allah Ya ba ni haƙurin da zai kai ni ƙarshe ban ɗaga masa murya ba. Ki rubuto mini ranar da za ku taso, zan rufe shago in je tasha in jira ku.

Wassalam.

Taki har kullum,
Matar yayanki